Tsofaffin Wuƙaƙe A Gangare: Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

A unguwar Gangare, ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin garin Jos, akwai wani dattijo da ya ba shekara 80 baya, wanda ya yi sana'ar ɗinki har idanunsa suka gaza. Ba shi da gona, ba shi da shanu, amma a ƙarƙashin gadonsa akwai wani akwatin ƙarfe da ba ya yarda kowa ya taɓa. Abin da ke ciki kuwa wuƙaƙe ne ƙanana, irin waɗanda ake sawa a aljihu, ko a soke a ɗamara, ko a ɗaura a damtse. Guda 34 ne, kuma kowace ya san inda ta fito da hannuwan da ta bi kafin ta iso gare shi.

Ta farko ta mahaifinsa ce. A shekarar 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da Japan ta ƙwace ƙasar Malaya inda Ingila ke samun kuza, sai Turawan mulki suka shiga ɗibar mutane daga lardunan Arewa zuwa aikin tilas a ramukan kuza na tsaunin Jos. Mahaifin nasa yana cikin waɗanda aka ɗebo daga ƙasar Katsina, bai zo da komai ba sai bargo da wannan 'yar wuƙa. Da ita ya yanke igiya, da ita ya fere rogo, da ita ya fiƙe alƙalami. Da aka soke aikin tilas a 1944 bai koma gida ba, ya zauna a Gangare ya yi iyali.

Wannan wuƙa ba ta da wani ado. Ƙotarta ta icen ƙirya ce, ta yi baƙi ta yi santsi saboda gumin hannu, kubenta kuma na jar fata ne, ɗinkin dukawa. Abin da ya ɗaukaka ta a wurin dattijon shi ne ƙarfenta na tama ne, wato wanda maƙeran ƙasarmu suka narkar da kansu daga dutse, da gawayi da zugazugi. Tun da ƙarfen dogo da sifirin mota suka wadata, maƙera suka bar wahalar narkar da tama, suka koma ƙira da waɗannan. Saboda haka wuƙar tama ta zama abin nema. In ya ɗauko ta, yakan shafa jikinta da ɗan yatsa, ya nuna wa baƙo sawun masaba, ya ce ga wurin da maƙerin ya yi haƙuri, ga kuma wurin da ya yi gaggawa.

Sauran kuwa a hankali ya tara su, yawanci daga hannun waɗanda suka kawo ɗinki. Jos gari ne na baƙi tun asali, musamman bayan da ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso tsaunin a 1914, kuma kowane baƙo da irin wuƙarsa. Akwai wuƙar damtse da ya saya wurin wani Buzu maigadi mutumin Agadas, mai zoben fata da ake zura hannu a ciki. Akwai askar wani wanzami da ta aske kawunan jarirai ranar suna har ta siririce kamar ganyen dabino. Akwai mai ƙotar tagulla, aikin Bida.

Akwai kuma waɗanda suka ƙetaro teku, masu naɗewa. Ɗaya ƙirar Sheffield ce ta Ingila, wadda wani kukun Turawan kuza ya bar masa. Biyu Okapi ne, masu ƙotar katako da zoben da ake ja kafin a rufe su. An fara ƙera irinsu a garin Solingen na Jamus a 1902 domin kasuwannin Afirka, sai a 1988 aikin ya koma Afirka ta Kudu, don haka duk wadda ke ɗauke da tambarin Jamus ta kwana biyu a duniya. Wadda ya fi son ba da labarinta ita ce Douk-Douk, ƙirar garin Thiers na Faransa tun 1929. Asalinta akwai surar wani dodo a ƙota, amma masu ƙera ta suka fitar da wata domin kasuwannin Musulmi, suka sa mata suna El Baraka, suka zana mata alamar nan ta Agadas. Irin wannan ce fatake suka kawo masa daga Maraɗi. Yakan yi dariya ya ce, dubi yadda Bature ya koyi abin da mai saye ke so.

To, sai ga watan Satumba na 2001, rikici ya ɓarke a Jos, aka yi asarar rayuka masu yawa. Abin da jiya yake kayan aiki, yau ya zama makami a idon kowa. Ana raɗe-raɗin za a bi gida gida, wa zai tsaya ya saurari tsohon tela yana bayanin tama da tambarin Jamus? Cikin dare ya naɗe wuƙaƙen a tsumma, a lokacin guda 43 ne, ya binne su a gindin gwaiba a tsakar gida. Ya yi niyyar tono su, sai aka sake yin wani rikicin a 2008, aka kuma a 2010. Bai tono su ba sai a 2011.

Damina goma ta Jos ba wasa ba ce. Tsatsa ta cinye guda 9. Cikinsu har da wadda wani amininsa, maƙeri ɗan ƙabilar Birom daga wajen Bukuru, ya ƙera masa da hannunsa ranar da aka haifa masa ɗan fari. Tun da gari ya rabu, kowa ya koma cikin nasa, ba su sake saduwa ba har aminin ya rasu. Ƙotar kaɗai ta rage, kuma tana nan cikin akwatin, a naɗe dabam.

Daga wannan asara ya koyi kiwon abin da ya saura. Ba ya barin wuƙa cikin kube da damina, domin fata tana riƙe laima. Yana shafa wa ƙarfen man keken ɗinki, fatar kuma man kaɗanya. Ba ya kai su wurin masu injin wasa wuƙa, don injin yana cinye tambari da sawun masaba, ya bar ƙarfe yana walƙiya ba tarihi.

Kwanan baya wani jikansa ya same shi yana wannan hidima, ya ce, "Kaka, me za ka yi da tarkacen nan? Ga 'yan gwangwan can suna saye a kan kilo."

Dattijon bai yi fushi ba. Ya ce, "Ɗan nan, ɗauko mini waccan mai baƙar ƙota. Nawa kake jin za su ba ka?"

Yaron ya auna ta a tafin hannu, ya ce ko kuɗin biredi ba za ta yi ba.

"To, ita ce ta ciyar da kakan ubanka a ramin kuza."

Washegari ya sa yaron ya raka shi gidan kayan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952. Ya nuna masa kayan mutanen Nok, waɗanda masu haƙar kuza suka fara tonowa a 1928, ya gaya masa cewa a Taruga an gano matoyar ƙarfensu ta fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Sannan ya ce masa ya lura, ga aikinsu a gabanmu, amma babu wanda ya san sunan ko ɗaya daga cikinsu, domin babu wanda ya rubuta.

Da suka dawo, sai yaron ya sayo littafin rubutu. Yanzu kullum bayan la'asar sukan zauna a zaure, tsoho ya ɗauko wuƙa ɗaya ya faɗi mai ita da garinsu da shekarar da ta zo, yaro yana rubutawa. Sun kai ta 21. Tsohon yana gaggawa, don ya san abin da ke cikin kansa ya fi abin da ke cikin akwatin saurin lalacewa.

Jama'a, gidaje nawa ne a Kano da Katsina da Sakkwato da Zariya ke da irin wannan 'yar wuƙa a ƙasan adaka? Kafin a miƙa ta ga mai sikeli, ya kamata a nemi tsohon gidan a tambaye shi ta wace ce, a kuma rubuta amsar tun yana da bakin faɗi.