Tsaunukan Alli Na Kudancin Ingila: Inda Teku Ke Cin Ƙasa

Wanda ya shiga jirgin ƙasa daga Landan ya nufi kudu, cikin kamar awa ɗaya da rabi zai sauka a garin Eastbourne, a bakin tekun da ya raba Ingila da Faransa. Daga bayan garin ne jerin tsaunukan South Downs ya fara, ya miƙe yamma har birnin Winchester. A shekarar 2010 Gwamnatin Birtaniya ta mai da wannan yanki gandun shaƙatawa na ƙasa. Kada mai karatu ya zaci daji ne na namun dawa. Gonaki ne da makiyayar tumaki da ƙauyuka, mutum fiye da 100,000 na zaune a ciki. Akwai hanyar ƙafa mai tsawon mil 100 wadda ta bi ƙoƙuwar tsaunukan daga wannan ƙarshe zuwa wancan, masu ƙarfin gwiwa kan gama ta cikin mako guda ko fiye.

Tsaunukan nan alli ne zalla, ƙasar da ta lulluɓe shi ba ta da kauri. Masana sun ce ɓawon waɗansu ƙananan halittu ne na ruwa, waɗanda ido ba ya iya gani, ya yi ta taruwa a ƙarƙashin teku shekaru miliyoyi da suka wuce, har ya daskare ya zama dutse.

Inda abin mamaki yake shi ne wurin da tsaunukan suka yi karo da teku. Mai tafiya yana cikin taka ciyawa, sai kawai ya ga ƙasa ta ƙare, kamar an sa wuƙa an yanke ta. A Beachy Head tsayin gangaren ya kai ƙafa 530, babu gangaren alli na bakin teku da ya fi shi a duk Birtaniya. Gaba kaɗan akwai tuddan da ake kira Seven Sisters, wato 'Yan Mata Bakwai 'Yan Uwan Juna, farare fat kamar an shafe su da farar ƙasa. Mafi yawan gaɓar ba shinge, sai allunan gargaɗi.

To, wannan farin da baƙi ke zuwa kallo, ɓarnar teku ce ta kawo shi. Raƙuman ruwa suna ƙwaƙule gindin dutsen, ruwan sama da sanyin hunturu suna tsattsaga shi daga sama, sai ɓangare guda ya rufta, sabon alli ya bayyana. Da an tare tekun, da ciyawa da gansakuka sun rufe fuskar dutsen.

Akwai waɗanda ke biyan kuɗin wannan kyau. A Birling Gap akwai jerin gidaje da aka gina wa masu gadin gaɓar teku a shekarun 1870, nesa da bakin gangare. Teku ya yi ta matsowa, aka rushe gida ɗaya a 1973, aka bi da waɗansu, har da wanda aka rushe a 2014 bayan guguwar hunturun shekarar. Mazauna wurin sun nemi a jera musu manyan duwatsu su kare gindin dutsen, hukuma ta ƙi. Ƙungiyar National Trust, wadda ke da mallakar filin, ta tsaya a kan a bar gaɓar ta yi halinta. Hujjarta tana da ƙarfi, amma ba ta da daɗin ji ga wanda ɗakin kwanansa ne na gaba a layi.

Hasumiyar Belle Tout, wadda aka fara kunna fitilarta don jiragen ruwa a 1834, ita ta yi sa'a. Hazo ya sha rufe haskenta, saboda haka a 1902 aka gina wata a cikin ruwa, a gindin Beachy Head. Da gangare ya kusa cim ma tsohuwar, a 1999 injiniyoyi suka ɗaga ginin ɗungurungum, mai nauyin tan 850, suka ja shi baya ƙafa 56. Yanzu masaukin baƙi ne, ana kwana a biya.