Ruwan da ba ya sauri

Ban taɓa ganin teku ba. Gara in faɗa tun yanzu kafin wani ya tona ni. Ruwa mafi girma da idona ya gani shi ne tabkin Madarumfa, sai Gulbin Maraɗi in ya kawo a tsakiyar damina. Mu a Baudeta ruwanmu a ƙasa yake, sai an zura guga. Ko Gulbin Kaba da ya ratsa ƙasar Tasawa da Mayahi, suna ne ya rage masa, yashi ne da goruba.

To ni ɗin nan ne aka ba ekspoze a kan samar da kuran daga ruwan teku, a shekarata ta biyu a jami'a, a Maraɗi. Ƙuri'a aka yi, ta faɗo kaina. Ƴan aji suka yi ta dariya, wani ya ce in fara da koyon iyo. Ni ma na yi dariyar, amma daren nan ban kwanta da wuri ba. Abin da ya fara kama ni kalma ce: a Faransanci, kalmar da muka ara muke ce wa wutar lantarki kuran, ita ce kuma sunan ruwa mai tafiya.

Ga abin da na tarar. Wata yana jan teku, ruwan ya cika ya janye, a yawancin gaɓa sau biyu a rana, kuma ana iya lissafa lokacinsa shekaru kafin ya zo. Iska ba ta da wannan alkawari, rana ma tana faɗuwa. Faransa ta gina tashar La Rance tun 1966, megawat 240, amma ita madatsa ce a bakin kogi. Na zamani farfela ce ake dasawa a ƙasan teku, ruwa ya bi ta kanta ya juya ta, kamar guda huɗun da ke MeyGen a arewacin Sikotilan, kowace megawat ɗaya da rabi. Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, shi ya sa ƙaramar farfela a ruwa take aikin babba a iska. Na zayyana wannan duka a gaban aji, aka ba ni maki mai kyau. Akwai layi guda na lissafi da na rubuta a allo na wuce da sauri, don ni kaina ban tsaya na fahimce shi ba.

Sai ga Agustan 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da take sayar mana, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin ɗari ta ƙasar nan. Ina gida hutu, abokai na Maraɗi suna kira suna kukan duhu. Mu a ƙauye abin bai canza mana komai ba, dama wurin mai fano muke kai waya caji. Amma ni abin ya hau mini kai. Na ce ga ruwa yana malala a kwarin bayan gonarmu duk sanda aka yi mamako, ga ni ɗan jami'a, mi zai hana?

Na samo fukafukan wata matacciyar fanka, na ciro dinamo daga tsohon keken Baba ba tare da na tambaye shi ba, na sayo bel da kwan fitila da jika biyun da Inna ta ba ni na mota. Ni da ƙanena muka kwana uku muna ɗaurawa. Ranar da aka yi ruwa muka ruga kwari, yaran unguwa suna biye da mu kamar ana rakiyar amarya. Farfela ta juya, wallahi ta juya, a hankali kamar mai jin barci. Kwan fitila ko ƙyaftawa bai yi ba. Kafin la'asar ruwan ya tsane.

Baba bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya dubi keken, ya dube ni, ya ce: "Wanga shi ne karatun da na saida rago dominshi?" Ya shiga ciki.

Da aka sake yin ruwa na koma ni kaɗai, ba farfela, sai kara da agogon waya. Na auna taku goma sha uku, wajen mita goma, na jefa karan. Daƙiƙa ashirin ya yi kafin ya kai. Wato rabin mita a daƙiƙa. Na zauna a gindin gawo na buɗe wancan layin da na tsallake a aji. Ƙarfin da ke cikin ruwa mai tafiya ba ya bin saurinsa ɗaya-ɗaya, saurin ake ninkawa da kansa har sau uku. In sauri ya ninku biyu, ƙarfi ya ninku takwas. In ya ragu da rabi, ɗaya bisa takwas ya rage maka. Farfelun teku na yau da kullum suna son ruwa mai gudun wajen mita biyu a daƙiƙa ko fiye. Nawa rabin mita: sau huɗu a sauri, sau 64 a ƙarfi. Da na saka faɗin fankata cikin lissafin, duk abin da ke bi ta cikinta bai wuce wat 8 ba. A cikin wannan ma, babu farfelar da ke kama fiye da kashi 59 cikin ɗari ko a takarda, balle tawa ta gwangwani, balle bel ya ci rabonsa. Minti biyar da biro sun isa su cece mini jika biyu da keken Baba.

Abin da ya ɗan sanyaya mini rai shi ne gano cewa matsalata ba ta ƙauyanci ba ce. Ita ce ke hana manyan injiniyoyi barci. Wuraren da teku ke gudu da ƙarfi kaɗan ne, mashigai ne tsakanin tsibirai. Sauran ruwan, mai yawan gaske, tafiyar raƙumi yake. In ka ce ka ƙara girman farfela, kuɗi ya ƙaru, ga gishiri yana cin ƙarfe, ga kowane gyara sai an ɗauko jirgi.

Wani kamfanin Suwidin, Minesto, ya bi ta wata hanya da har yau in na tuna nake murmushi. Tunda ruwa ya ƙi sauri, injin ya yi saurin. Suka ƙera fiffike, suka maƙala masa ƙaramar farfela, suka ɗaure shi da igiya a ƙasan teku. Ruwa yana tura fiffiken, shi kuma yana shawagi yana zana lamba 8, irin yadda ledar da yara ke ɗaure wa zare take yankar iska da gudu alhali iskar ba ta kai haka ba. Farfelar tana jin ruwa yana dukanta da saurin da ya ninka na ainihi sau da yawa, kuma kun ga abin da ninki ke yi a lissafin nan. A farkon 2024 suka haɗa Dragon 12, mai faɗin fiffike mita 12 da ƙarfin megawat 1.2, da layin wutar tsibiran Faro. Ko zai yi arha har ya yaɗu, wannan wata magana ce, ni dai dabarar ce ta kama ni.

Ba zan yaudari kowa ba: wannan ba zai kunna fitila a Baudeta ba. Teku yana can bayan Najeriya da Benin. Abin da Allah ya ba mu da yawa rana ce, kuma aikin ƙarshen karatuna a kan famfon rijiya mai fano zan yi shi. Bambancin shi ne wannan karon na fara da auna zurfin rijiya da yawan jarkokin da ake ɗiba a yini, kafin in taɓa ko waya ɗaya.

Da hutun ƙaramar salla na nuna wa Baba bidiyon fiffiken a wayata. Ya kalla sau biyu, ya ce in sake. Sannan ya ce: "Ashe majaujawa ce. Hannu shina tahiya sannu, dutse shina gudu." Na buɗe baki in ce ba haka ba ne sosai, sai na yi shiru.

"Tana ja mamu ruwa daga rijiya?"

Na ce a'a, Baba.

Ya miƙo mini wayar. "To dinamona fa, yaushe za ka maida shi?"