Kogin Gaji: Gidan Kada Ba Wurin Wasa Ba Ne

Gandun Dajin Yankari, a Ƙaramar Hukumar Alƙaleri ta Jihar Bauchi, ya haura murabba'in kilomita 2,200, kuma tun 1962 aka buɗe shi ga masu yawon buɗe ido. Mafi yawan baƙi giwaye suke zuwa nema, ko kuma wanka a maɓuɓɓugar Wikki, mai ɗumin digiri 31 dare da rana. Ruwanta garai-garai yake, har mutum yana ganin yashin da ya taka.

Ni kuwa a ziyarata, Kogin Gaji, wanda ya ratsa tsakiyar dajin, shi ya fi ɗaukar hankalina. Da rani, sa'ad da tafkuna suka ƙafe, nan dabbobi ke taruwa shan ruwa, nan kuma kada ke dakonsu. Daga cikin mota na hango wani a kan yashi, ya hangame baki kamar matacce. Zafi ne kawai yake fitarwa, domin kada ba ya yin gumi.

Akan ce komai daɗewar gungume a ruwa ba ya zama kada. Amma shi kada yakan yi kama da gungume. Allah Ya ɗora masa idanu da hanci a saman kai, don haka sai ya nutse gaba ɗaya yana kallon gaɓa ba a gan shi ba. Yakan lura da inda ake saba saukowa, ya fi farauta daga almuru zuwa asuba. Macen kuwa takan binne ƙwai a yashi da rani, ta yi gadinsu kusan wata uku, kuma a lokacin ba ta da sassauci.

Saboda haka ina jan hankalin ɗalibai masu ziyarar ilimi, da iyayen da ke aiken yara rafi. A tambayi masunta da 'yan gari kafin a taɓa ruwan da ba a sani ba. A nisanci gaɓa da dare. A riƙa ɗibar ruwa da guga mai igiya, a kuma sauya mashigi. Kada a zubar da hanjin kifi kusa da wurin wanki, kada a sauka daga mota don ɗaukar hoto.

Rashin ganin kada ba shaidar rashinsa ba ce. Kogi gidansa ne, baƙo kuwa da ladabi aka san shi.