Ɗaki marar taga a tsakiyar teku: Abin da iyali za su duba kafin su biya

Duk wanda ya tsaya a tashar jiragen ruwa ta Barcelona da ke ƙasar Sifaniya a ranar da manyan jiragen yawon shaƙatawa ke ɗaukar fasinja, abin da zai fara ɗaukar idonsa shi ne baranda. Ɗaruruwansu ne jere reras, hawa kan hawa, kamar an ciccibo wani dogon otal an ɗora a kan ruwa. Abin da ido ba ya hangowa daga waje shi ne ɗakunan da ke can cikin tumbin jirgin, waɗanda ba su da baranda, ba su da ko ƴar tagar leƙa teku. Su ne mafi araha a jirgi, kuma su ne magidanci mai ƴaƴa ke fara tambaya da zarar ya buga lissafin Yuro da Naira.

Tambayar ita ce: shin wannan arahar ta iyali ce, ko kuwa irin arahar nan ce da ba ta ado? Amsar tana tattare da sanin yadda tafiyar take da kuma inda ɗakin ya faɗo a cikin jirgin.

Mu ɗauki zagayen mako guda na yammacin Tekun Bahar Rum, wanda jirage irin su MSC World Europa suka saba yi. Wannan jirgin ne aka yi amfani da shi a matsayin otal a Doha lokacin gasar cin kofin duniya ta 2022, kuma yana ɗaukar fasinja sama da 6,000. Yakan tashi daga Barcelona ya nufi Marseille a Faransa, daga nan Genoa da Naples a Italiya, sai Messina a tsibirin Sisili, sai Valletta babban birnin Malta, sannan ya koma inda ya fito. Akasarin tafiyar da dare ake yin ta. Gari na wayewa an iso sabon birni, a sauka a yi yawo, da yamma a dawo. A Naples za a ga dutsen Vesuvius da ya binne garin Pompeii a shekara ta 79 miladiyya. A Messina kuwa jirgi na bi ta mashigin da faɗinsa bai wuce kilomita 3 da ɗoriya ba a wurin da ya fi tsukewa.

Ke nan ɗaki wurin kwana ne da wanka da canza kaya. Ban da masu ɗakunan alfarma da ake keɓe wa sashensu, abincin da mai baranda zai ci shi mai ɗakin ciki zai ci. Wurin ninkaya ɗaya ne, sashen wasan yara ɗaya ne, zauren kallon wasanni ɗaya ne. Kuɗin da aka rage a kan taga shi zai biya motar zuwa Pompeii da abincin rana a gari.

Shi ɗakin kansa ƙarami ne, galibi tsakanin murabba'in mita 13 zuwa 17. Akwai gado biyu da ake haɗewa su zama ɗaya, da kabad, da ɗan tebur, da banɗaki mai shawa. A ɗakin mutum huɗu, gadajen yara ana sauko da su ne daga bango ko daga rufi idan dare ya yi, da safe ma'aikaci ya mayar da su. Akwatuna kuwa ƙarƙashin gado ake tura su. Uwa ta lura cewa kamfanoni da dama ba sa yarda ƙaramin yaro ya kwana a gadon sama, don haka a faɗi shekarun kowane yaro tun wajen yankan tikiti. Sannan mafi yawan waɗannan ɗakuna ba sa wuce mutum huɗu. Iyali mai mutum biyar ko shida sai sun kama biyu, kuma a nan ya kamata a nemi masu ƙofa a tsakani ko masu kallon juna, a sa babba ɗaya a kowane ɗaki.

Abin da ya fi taga muhimmanci shi ne gurbin ɗakin. Jirgin ruwa yana lilo ne kamar katakon da aka ɗora a kan turmi: goshinsa da bayansa su ke hawa da sauka, tsakiyarsa ba ta cika motsi ba. Haka kuma hawa na sama ya fi na ƙasa tangaɗi. Saboda haka ɗakin ciki da ke tsakiyar jirgi a hawa na ƙasa-ƙasa yana cikin wuraren da suka fi kwanciyar hankali a jirgin baki ɗaya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a daren da za a ratsa tsakanin Barcelona da Marseille, inda iska mai ƙarfi da ke saukowa daga kudancin Faransa, wadda suke kira Mistral, takan tayar da igiyar ruwa.

Sai batun ƙara. A buɗe taswirar jirgin a intanet a duba abin da ke saman ɗakin da abin da ke ƙasansa. Idan wurin ninkaya ne ko babban wurin cin abinci a sama, tun da asuba za a fara jin jan kujeru da amalanken kwanuka. Idan zauren kiɗa ne a ƙasa, yara ba za su runtsa ba sai tsakar dare. Can baya ƙasa akwai rurin inji, can gaba akwai ƙarar sauke anga da sassafe. Ɗakin da ya fi shi ne wanda ke da ɗakunan kwana a sama da ƙasa. Akwai wani tayi mai rahusa da kamfani ke cewa ka biya, shi zai zaɓa maka ɗaki daga baya. Ga ango da amarya babu laifi, amma iyalin da ke buƙatar ɗaki biyu kusa da juna su kiyayi wannan, don ana iya jefa ɗaya a gaba ɗaya a baya, tsakaninsu tafiyar mita ɗari biyu ko fiye.

Ta fuskar lafiya, rashin taga yana da fuska biyu. Jiri da tashin zuciyar da ke kama mutum a ruwa suna faruwa ne saboda saɓani tsakanin ido da sashen can cikin kunne da ke kula da daidaiton jiki. Kunne yana jin ana lilo, ido kuma yana ganin bango a tsaye ƙyam, sai ƙwaƙwalwa ta rikice. A ɗaki marar taga babu inda za a hangi ƙarshen ruwa don ido da kunne su daidaita. Don haka idan yaro ya fara hamma da zufa mai sanyi, kada a kwantar da shi da waya a hannu. A fito da shi sarari a tsakiyar jirgi, ya sha iska, ya tsayar da idonsa can inda teku ya haɗu da sama. Citta tana taimaka wa wasu. Magungunan jiri kuma akwai su, amma suna sa barci, kuma ba kowanne ya dace da yara ko mai juna biyu ba, don haka a tuntuɓi likita tun a gida.

Fuska ta biyu ita ce duhu. Da an kashe fitila, ƙarfe biyun dare da ƙarfe goman safe duk ɗaya ne. Jarirai da masu wahalar samun barci sukan more wannan. Sai dai jikin mutum da hasken safiya yake saita agogonsa, kuma iyali na iya farkawa su tarar an daɗe da isa Genoa. A saita ƙararrawar waya don sallar asuba da lokacin sauka, a tafi da ƴar fitilar dare saboda yaro mai tashi fitsari, sannan da an tashi a hau sama a ga rana kafin karin kumallo. Wasu kamfanoni sun nemi maganin wannan: tun 2014 Royal Caribbean ta sa dogon allon bango a wasu ɗakunan ciki da ke nuna hoton teku kai tsaye daga kyamarorin waje.

Akwai ribar da ba a cika faɗa ba. Uwar da ke da ɗan shekara uku mai hawan kujera ta san fargabar baranda a hawa na goma sha biyu. A ɗakin ciki babu wannan fargabar. A ɗaya ɓangaren kuma, ƙaramin ɗaki a rufe yana sa mura ko ciwon amai da gudawa su zagaye iyali da wuri. Ƙwayar norovirus da ta yi ƙaurin suna a jiragen ruwa ba ta cika jin man goge hannu ba, sabulu da ruwa ne maganinta, kafin cin abinci da bayan fitowa daga banɗaki.

Tun bayan hatsarin jirgin Costa Concordia a gaɓar tsibirin Giglio na Italiya a watan Janairun 2012, inda mutum 32 suka rasu, aka tsaurara dokar yi wa fasinja atisayen gaggawa kafin jirgi ya tashi ko da zarar ya tashi. Masu ɗakin ciki su ɗauke shi da muhimmanci, domin lungunan jirgi duk kama ɗaya suke. A ranar farko a bi da yara ta matakala, ba ta lifta ba, daga ƙofar ɗaki har wurin taruwa, a kuma tambaya ko akwai rigar ceto daidai jikin kowane yaro.

Kafin a biya, a san cewa farashin da ke jikin talla ba shi ne ƙarshe ba. Jirage da yawa suna ƙara kuɗin hidima sama da Yuro 10 a kan kowane babba a kowane dare, ga kuɗin intanet, ga na lemo, kuma ganin likitan jirgi ba kyauta ba ne, shi ya sa inshorar tafiya ta zama dole. Mai fasfon Najeriya yana buƙatar bizar Schengen don Sifaniya da Faransa da Italiya da Malta, idan kuma zagayen ya haɗa da Tunisiya sai biza mai ba da damar shiga fiye da sau ɗaya. Mafi yawan kamfanoni ba sa ɗaukar mai cikin da ya kai mako 24, ko jaririn da bai cika wata shida ba.

Ba kowa ne ɗakin ciki ya dace da shi ba. Wanda ƙirjinsa ke cushewa a wuri matsattse, ko tsohuwar da za ta yini a ɗaki saboda ciwon gwiwa, a ƙara kuɗi a samo musu mai taga. Amma iyalin da ƙafarsu ke waje, daidai ruwa daidai tsaki. A safiyar da jirgi zai shiga tashar Valletta, ya ratsa ƙarƙashin ganuwar dutse mai launin zuma ta birnin da aka kafa a 1566, wurin kallon da ya fi ko'ina shi ne saman jirgi, inda ake ganin dama da hagu a lokaci guda. A nan mai baranda da mai ɗakin ciki suke tsayawa kafaɗa da kafaɗa, kuma ba a tambayar kowa lambar ɗakinsa.