Ashe ba kas ɗin ba ne



Kusan wata uku muna gardama da wani abokin aikinmu a kan kas na situdiyo. Kullum sai ya ce ɓangaren hagu ya mutu. Muka canza mashi wani, ya ce shi ma haka. Sai ranar da ya juya kas ɗin, na dama ya koma hagu, shirun bai gusa ba. Ashe kunnensa ne. Nan ya faɗa mana abin da ya daɗe yana ɓoyewa: ƙara kamar kukan gyare cikin kunnen, ga jiri in ya tashi tafiya.

Kun san mu a Arewa. Wani ya ce iska ne, wata ta ce a ɗiga mai. An ɗiga kuwa, har hayaƙi an yi.

Likita ya leƙa kunnen bai ga komi ba. Ya ce abin da ake leƙawa zaure ne kawai. Can ciki, cikin ƙashi, akwai wani abu kamar dodon koɗi mai karɓar sauti, kusa da shi ƴan bututu uku masu ruwa da ke hana mutum tangaɗi. Jijiya guda ke kai saƙonsu ƙwaƙwalwa, ita ce ta 8 cikin jerin 12 na kai. Shi ya sa kurumta da jiri kan zo tare.

Abin dariya, mu ƴan rediyo aka ce mana "rediyo" ta asibiti ba ta ganin wannan jijiya! Sikana ta fi nuna ƙashi. IRM ce ke fito da jijiyar, da ƙarin da kan tsiro a kanta, wanda ba kansa ba ne amma yana girma sannu a hankali. Aka tura shi Yamai. Kuɗin mota, masauki, kuɗin hoto: karo-karo muka yi.

Ba kowane jiri ke kai mutum Yamai ba. Amma kunne ɗaya ya toshe, ko ya riƙa ƙara shi kaɗai, ko baki ya karkace, don Allah a tafi likita ranar.

Hoto bai nuna ƙari ba, alhamdu lillahi. Jin dai bai dawo ba. Likita ya ce da a kwanakin farko ya zo, akwai maganin da ake gwadawa. Mu kuwa muna can muna zagin kas.

In kun zo hira situdiyo, ku zauna daga damansa.