Godiya ga Waɗanda Suka Tsaya wa Inna

Alhamdu lillahi, hannun Inna ya warke, ta koma dakanta da jan gugarta. A madadin gidanmu nake wannan godiya.

Zan fara da wanzamin unguwarmu a nan Tirmini. Da wani ƙululu ya fito wa Inna a bayan wuyan hannu, girmansa kamar aduwa, wasu dangi suka ce a yi sakiya, wasu suka ce a buge shi da abu mai nauyi ya fashe. Baba wanzami ya lallatsa wurin, ya ce: "Wannan ba maruru ba ne, babu mugunya ciki. Jijiyoyi sun yi yawa a nan, askata ba ta shiga. Ku kai ta likita." Kuɗi ya bari ya faɗi gaskiya. Allah ya saka masa.

Sai majo na gidan likitarmu, wanda shi ne ya kwantar mana da hankali. Ya ɗora tocila a kan kumburin, haske ya ratsa shi, ya ce alama ce ta ruwa. Wani ruwa ne mai yauƙi da ke tsattsafowa daga gaɓa, ya taru cikin 'yar jaka, ba ciwon daji ba ne. Daga nan ya zauna ya warware mata zaɓin da ke gabanta. In ba ya zafi ana iya barin sa, don kusan rabin irinsa da kansu suke ɓacewa. Ana iya zuƙe ruwan da allura, nan take a koma gida, amma da yake jakar na nan, sau da yawa yakan dawo. Aiki kuwa yana cire jakar har saiwarta, dawowarsa ba ta kai ta allura ba, sai dai akwai tabo, da kashe kuɗi, da makonnin hutun hannu. Bai yanke mata hukunci ba. Cewa ya yi, "Inna, hannunki ne, me kika gani?" A ganina wannan tambaya ita ce rabin maganin.

Damina na ƙofa, sai Inna ta zaɓi allura. Ƙululun ya dawo kamar yadda aka gargaɗe mu, har yana hana ta riƙe taɓarya. Bayan girbi majo ya rubuta mana takarda zuwa babban asibitin ƙasa na Damagaram, inda aka yi hoto aka tabbatar, aka cire shi. Likitan da ya yi aikin da matan da suka yi ta wanke ɗinkin, Allah ya albarkaci zuriyarku. Haka maƙwabcinmu da ya ɗauke ta a babur ya ƙi karɓar ko dala.

'Yan uwa, ga saƙon majo: duk ƙululun da ke girma da sauri, ko ya yi tauri ba ya motsi, ko ya wuce santimita 5, kada a sa masa aska a gida. A kai shi likita tun da wuri.