Ƙasar Da Aka Kashe Manyanta

'Yan'uwana mata, mun saba cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. To ina ga ƙasar da aka wayi gari babban ne babu? Wannan tambaya ta daɗe tana cina tun da na karanta labarin Kambodiya, wata ƙasa can gabashin duniya, tsakanin Tailan da Biyetnam.

A watan Afrilu na 1975 mayaƙan Khmer Rouge, ƙarƙashin wani mutum Pol Pot, suka kama birnin Phnom Penh, suka kora jama'a ƙauyuka aikin shinkafa. Kafin a kore su a Janairun 1979, mutum wajen miliyan 2 sun salwanta, wasu kisa, wasu yunwa da ciwo, a ƙasar da duka-duka ba ta wuce miliyan 8 ba. Malaman makaranta, likitoci, limaman addinin Buddha, Musulmin ƙabilar Cham, Kiristoci, duk an bi su. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda aka raba yara da iyayensu, aka ce musu ƙungiya ce uwa, ita ce uba, har ana sa ɗa ya kai ƙarar mahaifinsa. Allah sarki!

To waɗannan yaran su ne suka girma suka yi aure suka haihu. Ke ki duba, wadda ba a taɓa goya ta ba, ba kaka ba gwaggo, wa zai nuna mata riƙon ɗa? Namijin da bai ga yadda uba yake zama da iyali ba, ina zai koyo? Ana cikin haka kuma cutar ƙanjamau ta shigo a shekarun 1990, ta ƙara yawan marayu.

Kiristoci 'yan kaɗan ne a can, domin kuwa mafi yawan jama'a mabiya Buddha ne, sai a 1990 ma hukuma ta sake ba su izinin yin ibada a fili. Amma cikinsu aka sami wata dabara da ta burge ni. Wani mutumin ƙasar New Zealand, Craig Greenfield, wanda ya zauna a unguwannin talakawa na Phnom Penh, shi ya assasa tafiyar da ake kira Alongsiders. Saurayi ko budurwa daga majami'a zai zaɓi yaro ɗaya tak, a unguwarsu, ya ce daga yau ni yayanka ne. Ba kuɗi ake biyan sa ba. Zai riƙa leƙa shi, ya duba karatunsa, su karanta 'yan littattafai masu zane tare, su yi addu'a. Da ma a harshensu yaya "bong" ake ce masa, kalma ce ta girmamawa da kowa ya sani.

Ni dai a ganina hikimar tana wurin barin yaro a gidansu. An cika ƙasar da gidajen marayu, alhali wani bincike da UNICEF ta tallafa a 2011 ya nuna kusan uku cikin huɗu na yaran da ke ciki suna da uwa ko uba a raye, talauci ne ya kai su. Shi kuwa wannan yaya yana ƙara hannu ne ga uwar da ta gaji, ba ya ƙwace mata ɗa.

Sai dai ina da ƙorafi, ba zan ɓoye ba. Yaron da ke jin yunwar kulawa, duk wanda ya riƙe hannunsa zai bi shi har ɗakin ibadarsa. Idan uwar mabiyar Buddha ce, ya kamata a zauna da ita a faɗa mata gaskiya tun farko, ta amince ko ta ƙi. Bazawara ce, ba ta da miji ba ta da ƙarfi, amma ɗan nata ne.